Wai shin ƙara tana iya tafiya a sararin samaniya kuwa?

Tun watan Agustan 2022 da hukumar NASA ta Amurka ta saki wani ɗan bidiyo da bai kai minti ɗaya ba a Twitter, wanda aka ce wai kukan baƙin rami ne (wani wuri a sararin samaniya mai tsananin ƙarfin ja, da ko haske baya iya kuɓucewa daga cikinsa), wannan tambayar ta ƙi mutuwa. Har yanzu bidiyon yana yawo a WhatsApp da TikTok, wani gurnani ne mai ban tsoro, kowa kuma da irin bayanin da yake liƙa masa. Masu ilimin kimiyya a cikinmu suka ce a'a, ai tun a sakandare aka koya mana cewa ƙara bata tafiya inda babu iska, to ya akai NASA ta ɗauko wannan? Wasu kuma suka ce kaga ni ko, dama abinda ake koyarwa a aji ƙarya ne. Toh ba malamin fiziks ɗinka bane yayi ƙarya, kuma NASA ma bata yi ba, amma sai an zauna an warware maganar a hankali kafin a gane yadda duka biyun suka zama gaskiya.

Amsar a taƙaice dai itace, in ka tsaya a sararin samaniya ka kwarma ihu, wanda yake kusa da kai taku biyu ba zai ji komai ba. Wannan babu ja a cikinsa. Abinda ke da ja shine dalilin, domin yawancin mutane sun haddace amsar ne basu san me ya jawo ta ba, shi yasa da an nuna musu bidiyo ɗaya sai su rikice.

Mu fara da ita ƙarar kanta. Ka samu mai kalangu ka tsaya kusa dashi, ka lura da fatar lokacin da makaɗi ya sauka a kanta. Fatar tana lotsawa ciki ta dawo waje, ciki waje ciki waje da sauri sosai har ido baya iya bi, in ka ɗora ɗan yatsa a gefe zaka ji tana karkarwa, in ka zuba mata 'yan ƙwayoyin gero zaka ga suna tsalle. Duk sanda fatar ta turo waje sai ta matse iskar dake gabanta, in ta koma ciki kuma iskar ta saki. Wannan matsi da saki ɗin shine yake bi ta cikin iska har ya iso dodon kunnenka, ya girgiza shi, ƙwaƙwalwa ta ce maka ga kiɗa. In mai kalangun ya matse tsarkiya a hammata fatar ta ɗame, sai ta riƙa karkarwa da sauri, muryar tayi sama, in ya saki tayi ƙasa. Kunnen ɗan'adam yana kama karkarwa daga sau 20 a sakan ɗaya zuwa wajen sau 20,000, abinda yayi ƙasa da haka ko ya haura, yana nan amma mu bama jinsa.

Abin lura anan shine babu wata iska da ta taso daga kalangun ta zo kunnenka. Ko kaɗan. Ka tuna yadda ake cunkoso a ƙofar fita daga filin Idi, na can baya ya ɗan yi turi, sai na gabansa ya faɗa kan na gabansa, shima haka, kafin kace me turin ya iso wanda ke bakin ƙofa alhali wanda ya fara turin yana nan a bayan bai je ko'ina ba. Turin ne yayi tafiya, ba mutumin ba. To haka ƙara take, turi ne da ƙwayoyin iska ke miƙa wa juna. Yanzu ka ɗauka filin ya watse, mutum ɗaya a nan, ɗayan kuma yana can nesa da kilomita guda, in ka yi turi wa zaka tura? Shikenan maganar sararin samaniya kenan a dunƙule.

Shi yasa ma gudun ƙara ya danganta da abinda take bi ta ciki. A iska tana yin kamar mita 343 a sakan, a ruwa wajen mita 1,500, a ƙarfe kuwa ta haura mita 5,000. Haske shi kuma kilomita 300,000 yake ci a sakan kuma baya buƙatar kowa ya miƙa shi. Da damina in kaga walƙiya ka fara ƙirga sakan har kaji tsawar, duk sakan 3 kilomita ɗaya ne tsakaninka da inda ta faɗi.

Ba yau aka gano haka ba. A shekarar 1660 wani masani mai suna Robert Boyle ya wallafa gwaje gwajen da yayi a Ingila da wani famfon zuƙe iska da Robert Hooke ya taimaka masa wajen ƙerawa. Ya rataye agogo da zare a cikin wani tulun gilashi, ana jin ƙas ƙas ɗinsa daga waje, sai aka shiga zuƙe iskar, ƙarar tana raguwa tana raguwa har ta ɓace gaba ɗaya alhali ana kallon agogon yana aikinsa. Da aka sake buɗe wa iska hanya sai ƙarar ta dawo. Har gobe ana yin irin wannan gwajin da ƙararrawa a ɗakunan gwaji na makarantu, kuma ni a ganina duk makarantar dake da hali ya kamata ta nuna wa yara shi da idonsu, domin yaron da ya ga ƙararrawa tana kaɗawa amma shiru, har ya tsufa ba zai manta ba.

Toh amma akwai inda maganar aji take da ɗan gyara. Ana yawan cewa sararin samaniya babu komai a cikinsa, wayam yake. Ba haka bane daidai. Akwai abu, sai dai kaɗan ne ƙwarai da gaske. A nan ƙasa inda muke numfashi, in ka ɗebi iska a wurin da faɗinsa da tsawonsa da zurfinsa duk santimita ɗaya ne, adadin ƙwayoyin dake ciki sai ka rubuta 25 ka jera mata sifili 18. A sararin dake tsakanin duniyarmu da sauran duniyoyi, wuri mai wannan girman bai fi ka samu ƙwaya 5 ko 10 ba. Tsakanin taurari kuma kamar ƙwaya ɗaya. In ka fita can tsakanin damman taurari, wato manyan tarukan da kowanne ya ƙunshi ɗimbin taurari, sai ka auna mita guda ta kowace fuska kafin ka samu ƙwaya ɗaya ko 'yan kaɗan.

Abinda yafi adadin muhimmanci shine nisan da ƙwaya ɗaya zata yi kafin ta ci karo da 'yar uwarta. A iskar ɗakinka, in ka raba milimita ɗaya gida 10,000, to bata ma cika kashi ɗaya ba take yin karo, shi yasa turi yake wucewa nan take. In ka hau sama kilomita 100, inda aka saba cewa nan ne bakin sararin samaniya, sai ta yi kamar taƙi guda. A kilomita 400 inda tashar 'yan sama jannati take shawagi kuwa sai ta yi tafiyar kilomitoci bata haɗu da kowa ba. Ita kuma muryar mutum, tsawon zangonta, wato daga matsi ɗaya zuwa na bayansa, bai wuce mita 1 zuwa 3 ba. Ƙa'idar itace dole zangon ƙarar ya fi wannan tazarar ta tsakanin karo da karo tsawo nesa ba kusa ba, in ba haka ba ƙwayoyin zasu watse ne kawai kowace ta kama gabanta, babu wani matsi da zai haɗu balle ya yi gaba. Kaga kenan babu wata katanga a sama da za'a ce daga nan ƙara ta tsaya, a hankali take mutuwa, sirarar murya ce ke fara tafiya, sai mai kauri, sai ya rage irin gurnanin nan mai dogon zango da kunne baya kamawa.

Kuma an taɓa kama irinsa. Ranar 11 ga Maris 2011 da akai babbar girgizar ƙasar nan ta Japan, ƙasa ta motsa kamar fatar ganga ta tura iska sama, wani tauraron ɗan'adam na Turai mai suna GOCE dake yawo a wajen kilomita 270 ya ji wucewar wannan turin a jikin na'urorinsa. Ƙara ce ta gaske, daga ƙasa ta taso, ta kai inda muke kira sararin samaniya. Sai dai da mutum ne a wurin ba zai ji komai ba.

To ya 'yan sama jannati suke magana da juna? A cikin tashar babu wata matsala tunda cike take da iska irin tamu, hasali ma hayaniya ce ta yi musu yawa, fanka da famfo da injina basa tsayawa dare da rana, saboda in babu fanka iskar da mutum ya fitar zata taru a gaban fuskarsa ne tunda babu nauyin da zai sa ta motsa, har sukan sa abin toshe kunne. In sun fita waje gyara kuwa, kowa yana cikin rigarsa da iskarsa, yana jin numfashinsa da ƙarar fankar rigar, amma ɗan uwansa dake gefe sai ta rediyo. In ya kama wani inji da hannu yana aiki zai iya jin karkarwarsa ta bi ta safar hannu ta shigo cikin rigar, haka in mutum biyu suka haɗa hulunan kwanonsu suka manna, murya zata iya ratsawa ta jikin hular. Duk dai ƙa'ida ɗaya ce, sai an samu abinda zai miƙa turin.

Anan ne mutane da yawa suke cakuɗa abu biyu. Mu mutanen rediyo ne, mun taso muna ganin dattawa suna murɗa akwati suna neman mita 16 ko mita 25 a gajeren zango don jin labaran duniya, sai ya zauna mana a rai cewa muryar ce take tahowa daga Landan ta cikin iska. A'a. Abinda ke tahowa dangin haske ne wanda ido baya gani, baya buƙatar iska, gudunsa gudun haske. A can tashar ana juya murya ta koma wannan siginar, akwatinka ya kama ta, lasifikar dake ciki ta girgiza iskar ɗakinka, anan ne aka sake haifar ƙarar, taku ɗaya daga kunnenka. Haka dish ɗin dake kan rufin gidanka yake karɓo sigina daga tauraron dake wajen kilomita 36,000 a sama, irin su NigComSat-1R da aka harba wa Najeriya daga China a Disambar 2011. Haka aka ji muryar Neil Armstrong daga wata a Yulin 1969, tana ɗaukar sakan 1.3 kafin ta iso.

Tunda an zo kan wata, shi babu iskar kirki a kansa sam, don haka a filinsa shiru ne. Amma ƙasarsa dutse ce, dutse kuma yana ɗaukar girgiza. A Nuwambar 1969 'yan Apollo 12 sun ajiye na'urar auna girgizar ƙasa a can, da suka gama da ɓangaren kumbon da ya ɗago su sai aka sake shi da gangan ya faɗa kan watan, na'urar ta yi ta nuna girgiza har kusan awa guda. Masanan suka ce kamar an buga ƙararrawa, daga nan wasu suka ɗauka suka ce ashe cikin wata rami ne, alhali dalilin shine duwatsun can a bushe suke ƙamas kuma a farfashe, babu ruwan da zai shanye girgizar kamar yadda yake yi a nan.

Akwai kuma labarin da kusan dukkanmu mun taɓa ji, cewa Armstrong ya ji wata murya a kan wata, daga baya yaje Masar yaji kiran sallah yace ai wannan ce, sai ya musulunta. Na san da yawa masu bada labarin da zuciya ɗaya suke bayarwa, son addini ne. Amma labarin bashi da tushe. A filin wata babu abinda zai ɗauko murya ya kawo ta kunne, abinda yake ji shine abinda ke shigowa ta rediyon hularsa, kuma duk maganganun wannan tafiyar an naɗe su an rubuta suna nan kowa na iya dubawa. Shi kansa ya musanta, har a shekarar 1983 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwa a kan haka saboda yadda maganar ta bazu a ƙasashen musulmi. Abin yana damuna in naji ana maimaita shi a gaban yara, domin yaron nan wata rana zai girma ya bincika, in ya tarar ba haka bane sai ya fara kokwanton sauran abubuwan da aka faɗa masa waɗanda su gaskiya ne. Addini bai rasa hujja ba balle a ƙirƙiro masa.

Yanzu mu dawo kan baƙin ramin. A can nesa, tafiyar da haske zai yi shekara miliyan 240 zuwa 250 kafin ya iso mu, akwai wani taron damman taurari da ake kira Perseus, damman sun kai dubbai, kuma ba a fili fayau suke zaune ba, suna nitse ne cikin wani makeken tekun gas mai zafin da ya kai miliyoyin digiri. Gas ɗin sirara ne sosai, yafi duk wani tulun Boyle zama wayam, amma faɗinsa ya wuce tunani. A tsakiya akwai wani dami mai suna NGC 1275, a cikinsa akwai ƙaton baƙin rami. Shi ramin kansa ba abinda ke fita daga cikinsa, amma abubuwan da suke juyawa a bakinsa kafin su faɗa, wani sashe nasu yana fita da mugun ƙarfi ta fuska biyu, ya hura manyan kumfa a cikin gas ɗin. Duk kumfa ɗaya in ta kumbura sai ta tura gas ɗin dake kewaye da ita, turin ya bazu waje zobe bayan zobe. A shekarar 2003 Andrew Fabian na jami'ar Cambridge da abokan aikinsa suka ga waɗannan zobban a hoton da na'urar hangen nesa ta Chandra ta ɗauka.

Matsi da saki ne yana bi ta cikin gas, kenan ƙara ce ta haƙiƙa, ma'anarta ɗaya da ta kalangu. Ya akai ta iya tafiya a wurin da ƙwayoyi suke nesa da juna haka? Saboda zangonta ya fi tazarar dake tsakaninsu tsawo, daga zobe ɗaya zuwa na gaba haske ma sai yayi dubban shekaru yana tafiya. Kalangu yana karkarwa sau ɗaruruwa a sakan, wannan kuwa karkarwa ɗaya tak tana cin kusan shekara miliyan 10. Ko da an kai ka wurin an zaunar da kai tun daga haihuwa har mutuwa, ko ɗigon bugu ɗaya ba zaka riska ba. Abinda NASA tayi a 2022 shine ta ɗauki tsarin zobban daga hoton, ta ninka saurinsu biyu, ta sake ninkawa biyu, haka haka har sau 57 da kuma 58, sai ya shigo inda kunnenmu yake kamawa. Wannan shine gurnanin da kuka ji.

Ka lura da kyau, ƙarar bata taso daga Perseus ta iso duniya ba, kuma babu wata makirfo da aka kafa. Haske ne ya iso, irin hasken eksire da ake ɗaukar hoton ƙashi dashi a asibiti, a cikin hasken aka ga sawun ƙarar. Kuma masanan ba don nishaɗi suka damu da ita ba. An daɗe ana mamakin me ya hana gas ɗin tsakiyar irin waɗannan wurare hucewa ya dunƙule ya haifi taurari masu ɗimbin yawa kamar yadda lissafi ya nuna ya kamata, sai gashi ana ganin wannan turin yana cikin abubuwan da ke kwasar ƙarfi daga bakin ramin suna rabawa gas ɗin, suna hana shi sanyi.

Sauran abubuwan da ake yaɗawa da sunan sautin sararin samaniya kuwa, yawanci ma ba ƙara bace tun asali. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 ya fita daga yankin da iskar rana, wato ƙwayoyin da rana take fesowa, take mulki a Agustan 2012, abinda ya tabbatar da hakan wani kaɗawa ne na ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki da eriyarsa ta kama, da aka sa shi a lasifika sai ya fito kamar fito. Eriya ce ta kama, kunne ba zai kama ba. Haka ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO guda biyu a Amurka suka kama karon wasu baƙaƙen ramuka biyu da ya faru fiye da shekara biliyan ɗaya da ta wuce, wannan kuma shi sararin kansa ne ya miƙe ya tsuke, aka mayar dashi wani ɗan sauti da bai kai rabin sakan ba. Wani lokacin ma hoto ne kawai ake bi daga hagu zuwa dama, inda yafi haske a ƙara murya, a sa wa taurari amon molo ko na piyano.

Ni bana ganin laifin yin haka, yana da amfani sosai ma. Akwai wata masaniyar taurari 'yar Puerto Rico, Wanda Díaz-Merced, da ta rasa ganinta tana ɗaliba, da kunne ta cigaba da nazarin bayanan da sauran suke kallo a allo, kuma kunne yana iya tsinto canjin da ido zai tsallake. Inda matsalar take shine wajen masu yanko bidiyon su cire bayanin da yazo dashi, su rubuta "an ɗauko kukan abu kaza a sama" don a danna musu. Don Allah in irin wannan ya iso wayarka, kafin ka tura wa group ka nemi sanin abu ɗaya, da makirfo aka ɗauka ko juyawa akai?

Domin akwai waɗanda da makirfo ɗin aka ɗauka, kuma ni sun fi burge ni. Duk duniyar da take da iska tana da ƙara. Tarayyar Sobiyet ta sauke na'urar Venera 13 a kan Zuhra a Maris 1982 da makirfo a jikinta, ta yi aiki wajen awa biyu a zafin da ya haura digiri 450 kafin ta mutu. Na'urar Huygens ma ta ɗauko ƙugin iska lokacin da take sauka a Titan, ɗaya daga cikin watannin Zuhal, a Janairun 2005. Amma Mars ce ta fi bada labari. An sha gwada aika makirfo can abin yana ƙi, wadda aka aika a 1999 kumbon ne ya ɓace wajen sauka, ta 2008 kuma ba'a ma kunna ta ba. Sai da motar Perseverance ta sauka ranar 18 ga Fabrairu 2021 da makirfo biyu sannan aka ji Mars da kunne, hucin iska, da ƙarar ƙafafun motar na ƙarfe suna taka tsakuwa, da ɗas ɗas ɗin hasken leza da take harbin duwatsu dashi. Ranar 30 ga Afrilun shekarar ta ɗauko gurnanin farfelar ɗan ƙaramin helikwaftan nan Ingenuity daga nisan mita 80.

Iskar Mars matsinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, kusan dukkanta irin iskar da muke fitarwa ce in mun yi numfashi, ga sanyi, don haka ƙara a can a shaƙe take kuma bata nisa, masu binciken sun ce akwai lokacin da suka zaci makirfon ya lalace saboda tsabar shiru. Sai kuma wani abu da ban san wanda zai ji shi bai jinjina ba, ƙara a Mars gudu biyu gareta. Mai kauri tana yin kamar mita 240 a sakan, sirariya kuma wajen 250, saboda yadda ƙwayoyin wannan iskar suke karɓar turi in yazo da sauri daban ne da in yazo a hankali. Kenan da za'a yi kiɗa can nesa da kai a Mars, amon sama zai riga na ƙasa isowa, in ma ya iso ɗin, tunda sirarar murya ce iskar take fara cinyewa.

Rana ma cike take da ƙara a cikinta, tafasa take ba dare ba rana, fuskarta tana hawa tana sauka kusan duk minti 5, kuma da wannan kaɗawar masana ke gane abinda ke cikinta. Ko ɗaya baya isowa nan saboda kilomita miliyan 150 dake tsakani babu mai miƙowa. Da ace iska ce irin tamu cike da tsakanin, haskenta da ke isowa cikin minti 8 da sakan 20, ƙararta sai ta yi kusan shekara 14 a hanya. A 2023 wasu masana biyu a jami'ar Jyväskylä ta Finland sun nuna cewa ƙara tana iya tsallake wurin da babu iska tsakanin wasu duwatsu na musamman masu juya matsi ya koma lantarki, jaridu suka yi ta cewa an rushe tsohuwar ƙa'ida, amma tazarar 'yar mitsitsiya ce da bata kai zangon ƙarar ba, kuma lantarki ne ya yi mata gada.

Saura maganar finafinai, inda zaka ga kumbo ya tarwatse a sama an ji dummm har kujera na rawa. Wannan don mai kallo akai shi. A zahiri wuta kawai zaka gani, sai in ɓaraguzai ko gas ɗin fashewar sun iso sun daki jikin kumbon da kake ciki, shine zaka ji ta bango. Ko dutsen da ya faɗo a Chelyabinsk ta Rasha ranar 15 ga Fabrairu 2013, wanda faɗinsa ya kai wajen mita 20, duk tafiyar da yayi a sarari yana gudun kusan kilomita 19 a sakan babu ko ƙis, sai da ya shigo iskarmu ya samu abin turawa. Ya tarwatse a sama da garin wajen kilomita 30, haskensa ya fi na rana a wannan safiyar, mutane suka taso daga kujeru suka nufi taga suna leƙe. Ƙarar tana can tana saukowa da gudunta na iska, sai bayan kamar minti biyu ta iso ta farfasa gilasan gine gine dubbai, mutum wajen 1,500 suka je asibiti, mafi yawansu gilashin taga ne ya yanke su.